Barkar Da Ba Tasa Ba

Akwai wani matashi a Kontagora mai suna Abdulfatahi, amma in ba ka ce Injiniya ba, ba kowa zai gane wanda kake nufi ba. Sana'arsa rubuta manhajar waya da ta kwamfuta. Gaskiya Allah ya ba shi kai, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Matsalar ita ce shi ma ya san an ba shi, kuma ba ya bari kowa ya manta.

In ka kawo masa shawara zai saurare ka tsaf, yana murmushi yana kaɗa ƙafa. In ka kai aya sai ya ce, "To, na ji." Duk wanda ya zauna da shi ya san daga wannan "na ji" ɗin magana ta mutu ke nan.

Yana da ɗan ofis a saman wani shagon sayar da wayoyi, shi da abokiyar aikinsa Jawahir. Tare suka yi karatu a Minna, kuma a aji bai fi ta komai ba sai surutu. Ita mai sanyin hali ce, irin mutanen da ke duba abu su sake dubawa kafin su ce uffan.

Matarsa sunanta Umaima. Sun daɗe da aure Allah bai kawo haihuwa ba. Ta taɓa samun ciki ya zube, kuma a wancan karon ta zubar da jinin da sai da aka fid da rai da ita. Da wannan cikin ya zauna har ya tsufa, kowa a dangi lallaɓa ta yake yi. Ko goyon ciki ba a bari ta tafi ƙauyensu ba, saboda babu asibiti a kusa. Sai ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Salihatu, ta zo ta zauna da ita.

Likitan wani asibitin haihuwa mai zaman kansa, inda take zuwa awo, ya zaunar da Abdulfatahi ya gaya masa gaskiya. Ya ce akwai yiwuwar jini ya sake ɓalle mata ranar haihuwa, kuma irin jininta ba a cika samunsa ba. Su kuma ba sa ajiye jini, don wuta ba ta tsayawa balle firji ya riƙe shi. Dole a tanadi mutum a kusa, wanda in an ce zo zai zo a take.

Aka gwada 'yan'uwa, jinin ƙaninsa Sulaiman ya dace. Sulaiman tela ne, kuma daga shagonsa zuwa asibitin ko babur ba sai ka hau ba. Likita ya ce a bar musu lambar Sulaiman ɗin ma. Abdulfatahi ya yi dariya ya ce ba sai an wahalar da kowa ba, ai saƙo zai shigo wayarsa kafin nas ta ɗauke yatsa, shi kuma ya kira ƙaninsa.

Abin da ya ba shi wannan ƙarfin gwiwa kuwa, shi ne ya rubuta manhajar da asibitin ke aiki da ita.

Da can nas-nas ɗin sun gaji da kiran waya. Mazan ƙauye su kawo mata su koma gona, sannan su yi ta kira suna tambayar ko an sauka. Sai ya yi musu dabara. Nas za ta buɗe shafin mai naƙuda a kwamfutar hannu, ta danna maɓalli ɗaya, ko na "an sauka lafiya", ko na "ana buƙatar jini". Nan take saƙon zai faɗa wayar mijin, ko da 'yar ƙaramar waya ce, in ya ba da amsa kuma nas ɗin da ta aika za ta gani a gabanta. Mutane suka so abin ƙwarai, har aka daina kiran kowa.

Yanzu ku ɗan ba ni hankalinku, don a nan matsalar take kwance.

Duk saƙonnin suna bi ta wata babbar kwamfuta da ake kira saba. A cikinta akwai wani ɓangare da masu wannan sana'a ke kira mai sauraro. Ba shi da aiki sai kasa kunne. Da an danna maɓalli zai ji, ya ɗauki saƙo ya aika.

To amma maɓallin da Abdulfatahi ya ƙera ba ya faɗin saƙon na wace mata ce. "Jini" kawai yake cewa, ko "an sauka". Don mai sauraro ya san inda zai kai, sai Abdulfatahi ya ware wuri guda tak a cikin sabar, kamar allon aji, inda ake rubuta sunan matar da aka buɗe shafinta a ƙarshe. In aka buɗe na wata, sai a goge na farko a rubuta sabo. Mai sauraro kuma duk sunan da ya tarar a allon, can zai aika.

Jawahir tana ganin haka ta ce ita ba ta yarda ba.

"Injiniya, kowane saƙo ya kamata ya taho da bayaninsa a jikinsa," in ji ta. "Wace mata ce, wace nas ce ta danna, wayar wa za a kai wa. A miƙa wa mai sauraro hannu da hannu. Kada ya je yana leƙen allon da kowa ke gogewa."

Ya ce mata kwamfutar hannu ɗaya ce a asibitin, nas ɗaya ke riƙe da ita, to wa zai goge wa wa? Ta tambaye shi, ranar da suka sayi ta biyu fa? Ya ce ranar sai ta tuna masa.

Ta kuwa tuna masa. Da aiki ya yi wa asibitin yawa suka sayo ta biyu, Jawahir ta zo masa da maganar tun kafin ta ajiye jaka. Ta ce gyaran ba wani mai yawa ba ne, ya ba ta mabuɗin sabar, wato lambar sirrin shiga, ta yi da kanta. A lokacin yana shirin zuwa Auna, inda masu ƙananan asibitocin yankin za su taru ya nuna musu manhajar. Ya ce abin da ya yi watanni yana aiki ko tari bai taɓa yi ba, babu mai sa masa hannu a ciki sai ya dawo. Ta sake magana, ya kaɗa ƙafa ya ce ya ji.

Ranar tafiyar, da sassafe naƙuda ta fara taɓa Umaima. Ya kai ta asibiti tare da Gwaggo. Nas ɗin da ke bakin aiki, Sista Lauratu, ta duba ta ta ce da saura, wataƙila ma sai gobe. Umaima ta roƙe shi ya haƙura da tafiyar. Ya lallashe ta, ya ce kafin la'asar ya dawo, kuma ko motsi ta yi wayarsa za ta gaya masa. Ya shiga mota ya kama hanya.

Ranar kasuwar Auna ce, gari ya cika ya batse. A ɗakin taron Injiniya ya samu abin da yake so, wato mutane zaune shiru shi kaɗai yana magana. Yana tsakiyar bayani da hantsi sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba.

"Barka. An sauka lafiya. Namiji. Uwa da ɗa suna cikin ƙoshin lafiya."

Wani in ya samu ɗan fari, kunya za ta sa ya mayar da wayar aljihu ya yi kamar bai gani ba. Ba dai Injiniya ba. Ya ɗaga wayar sama, ya bi layi-layi yana nuna wa kowa.

"Ga shaida ta kawo kanta," in ji shi. "Da safe na bar matata tana naƙuda a Kontagora. Ban kira kowa ba, babu wanda ya kira ni. Ku karanta da idonku."

Ɗaki ya ɗauki kabbara da barka. Wani dattijo ya tsokane shi da cewa 'yan zamani ko kunyar ɗan fari ba su da ita, aka yi dariya. Farin cikinsa dai ba na nunawa ba ne kawai, sai da ya juya baya ya share ido. Ya daɗe yana zuwa sunan 'ya'yan abokansa yana dawowa gida shiru.

Ya fita waje ya kira wayar Umaima, ba a ɗauka ba, ya ce ai mai jego ce, barci take yi. Wayar Gwaggo kuwa kullum a kashe take, ƙulle a bakin zani, wai kada caji ya ƙare. Zuciyarsa ta ce masa ya kira asibitin ya ji muryar mutum. Sai ya ga masu asibitocin nan sun biyo shi waje suna kallonsa, ya ga in ya kira kamar ya nuna bai yarda da aikin hannunsa ba ne. Ya fasa.

Ya tura saƙon a zauren dangi na waya. Kafin ka ce me, gidan mahaifiyarsa ya kaure da guɗa. Aka hura wuta aka ɗora ruwa, aka shiga hidimar kunun kanwa. Sulaiman ya rufe shago ya tafi kara, kasuwar dabbobi, duba rago, wai kada na kirki su ƙare. Mata suna shirin tafiya asibiti sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Suka ce bari ya ɗauke tukuna, tunda an riga an sauka lafiya gaggawar me ake yi.

Shi kuma aka riƙe shi cin abinci a Auna, aka yi azahar, ruwa ya tsagaita. Ya ratsa kasuwa ya sayi kayan jarirai na maza da zuma don mai jego. Bai iso Kontagora ba sai gab da la'asar.

A ƙofar asibitin ya ga babura sun yi kaca-kaca da laka. A baranda wasu maza suna zaune a benci, kayansu jiƙe, ƙafafunsu duk taɓo, da gani daga gona suka taso. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo, ya naɗe hannu da auduga a ciki yana shan lemo a hankali. Abdulfatahi ya gaishe su sama-sama ya wuce, leda a kowane hannu.

Gwaggo Salihatu ya fara gani, zaune dirshan a ƙasa ta jingina da bango, ɗankwalinta a cinya.

"Gwaggo, barka da arziki," in ji shi. "Ina baƙon namu?"

Ta ɗago ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Sai ga Sista Lauratu ta fito daga wani ɗaki, gaban rigarta duk jini. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Sai yanzu, Injiniya? Tun hantsi ka ce kana hanya da 'yan'uwanka. Wace irin hanya ce wannan?"

Ya ce shi bai ce wa kowa yana hanya ba. Ya ce an aiko masa an sauka lafiya, namiji. Ya ajiye ledojin, ya ciro waya ya nuna mata, har lokacin da guntun murmushi a fuskarsa, don kansa bai gama karɓar abin da idonsa ke gani ba.

Sista ta karanta, ta sake karantawa. Ta ce namiji ɗaya aka haifa yau a asibitin nan, kuma na Tabita ne, matar wancan bawan Allah. Ta nuna dogon nan mai auduga a hannu.

Mutumin ya taso a hankali. Sunansa Irmiya, manomi ne daga Kaboji. Tun jiya ya kawo matarsa Tabita, ya bar ta da yayarta, ya koma saboda noma ya kama shi. Ya ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba ya miƙa wa Abdulfatahi.

"A zo da gaggawa. Jini ya ɓalle. Ana buƙatar masu ba da jini yanzu."

A ƙarƙashin saƙon ga amsar da Irmiya ya bayar, cewa yana hanya da 'yan'uwansa.

Abdulfatahi ya tsaya da waya a kowane hannu. A duk ginin nan babu wanda ya gane abin da ya faru sai shi, kuma lokaci guda ya gane shi gaba ɗaya.

Ga yadda aka yi da hantsin nan: Sista Lauratu ta buɗe shafin Umaima, jini ya ɓalle, ta ajiye kwamfutar ta ruga taimako. Ɗaya nas ɗin, a ɗakin da ke kusa, ta buɗe shafin Tabita a kwamfuta ta biyu, sunan Umaima ya goge daga allo. Sista ta dawo ta danna maɓallin jini, mai sauraro ya leƙa ya ga Tabita, ya aika Kaboji. Sista ta sake buɗe shafin Umaima don ta ga ko an amsa, sunan ya koma allo. Daidai lokacin ɗaya nas ɗin ta danna an sauka lafiya, barkar Irmiya ta tafi Auna.

Ya dafa bango. Yana ganin bakin Sista yana motsi kafin maganarta ta fara shiga.

Cewa take, da suka ga amsar nan, likita ya ce a ɗan jira, tunda mai jinin yana nan cikin gari, shiga tiyata babu jini a hannu kasada ce babba. Suka jira. Gwaggo ta yi ta roƙo a kira Abdulfatahi a waya, ana ce mata ai ya gani har ya amsa. Da jiran ya yi tsawo Sista ta kira lambarsa, ba ta shiga ba, ruwan nan ya ɗauke sabis, ta ɗauka yana kan hanya ne. Ta nemi lambar Sulaiman a shafin, babu.

Suna cikin haka Irmiya ya faɗo asibitin a guje yana kiran sunan Tabita, shi da ƙannensa, sun keto ruwa tun daga Kaboji. Ya ɗauka gawa zai tarar. Ya same ta zaune tana shan shayi da jariri a cinya.

"Malam, ni ban san kan waya ba," in ji Irmiya, da Hausarsa ta mutanen gona. "Na zo ne domin an ce mace tana mutuwa. Da na ga ba tawa ba ce na gode wa Ubangiji. Sai na ji Sista tana kuka a can, na ce to ai jinin ya riga ya zo, ba zan koma da shi Kaboji ba. Aka gwada mu duka, nawa ne ya yi."

Abdulfatahi ya buɗe baki zai yi godiya, abin da ya fito shi ne sunan matarsa.

Likita ne ya amsa masa, ya fito yana cire safar hannu. Ya ce Umaima tana da rai, jinin Irmiya ne ya riƙe ta har aka yi aikin, amma tana buƙatar ƙari yanzu-yanzu. Sannan ya sassauta murya ya ce abin da aka haifa mace ce, kuma ba ta zo da rai ba. Ya ce da sun shiga tun lokacin da jinin ya ɓalle, sai ya yi shiru bai ƙarasa ba.

Da aka nuna wa likitan wayoyin biyu, ya juya kan Sista Lauratu da faɗa, wai ta aika saƙon rai da mutuwa a lambar da ba ita ba. Baiwar Allah ta fashe da kuka tana rantsuwa a kan shafin Umaima ta danna. Kowa ya zuba mata ido, kuma da Abdulfatahi ya ja bakinsa ya yi shiru, da ita za ta kwana da abin har ƙarshen rayuwarta.

"Likita, ba ita ba ce," ya ce, da wata murya da shi kansa bai san ta ba. "Daidai ta danna. Aikina ne ya juya saƙon. An gaya min zai faru, na ƙi ji."

Likita ya dube shi, ya ce wannan maganar ta jira, ina mai jinin?

Nan take ya kira Sulaiman. Yaron kirki ya ɗauka da dariya yana kiransa angon ƙarni, yana ba shi labarin wani farin rago da ya samu. Abdulfatahi ya ce masa ya zo asibiti yanzu, ko takalmi kada ya tsaya nema.

Jama'a, Gwaggo ba ta gama ɗaura ɗankwalinta ba sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofa, Sulaiman ya diro, ragon yana ciki. Wannan saurin isowar shi ya fi komai dukan Abdulfatahi. Ashe tun hantsi taimako yana nan kusa haka. Aka shige da Sulaiman ciki, mai keke ya ɗaure ragon a jikin ƙarfen baranda, yana ta kuka babu mai kallonsa.

Gwaggo ce ta naɗe jaririyar a farin ƙyalle ta miƙa masa. Ya buɗe fuskar ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe. Babu wanda ya tuna ya kira gida, don haka da ya shiga zauren mahaifiyarsa da abin a hannu, tsakar gida cike take da mata, ƙanshin kunu ya cika ko'ina. Wata ta hango shi da ƙunshi a ƙirji ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Mahaifiyarsa ta taso da hannu biyu a buɗe za ta karɓi jika. Sai ta ga fuskarsa, ta ga irin naɗin, ta tsaya cak a tsakiyar gida. Guɗar ta mutu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin magariba aka kai jaririyar makwancinta. A ƙofar maƙabarta ya kira Jawahir, ya gaya mata abin da ya faru, ya karanta mata mabuɗin sabar. Ta yi salati, ta yi masa ta'aziyya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Ta kira asibitin ta ce su ajiye kwamfutocin su koma kiran waya tukuna, sannan ta zauna ta gyara, kowane saƙo ya koma tafiya da sunan mai shi a jikinsa. Ko shayin da ta haɗa bai huce ba ta gama. Da ta aiko masa cewa an gyara, ya zauna a bakin hanya ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba.

Washegari da hantsi Umaima ta dawo hayyacinta sosai. Gwaggo ta riga ta gaya mata 'yar ba ta zauna ba. Abdulfatahi ya shiga ya zauna a kujerar gefen gado, ya gaya mata sauran. Bai ɓoye komai ba, har gargaɗin Jawahir, har lambar Sulaiman da ya hana a ajiye, har wayar da ya ɗaga yana nuna wa mutane a Auna lokacin da ita take kwance cikin jini.

Ta mayar da idonta kan silin. Ya so ta yi masa ihu, ko ta ce ya fita, da ya fi masa sauƙi.

"Ina jin su suna cewa kana hanya," ta ce a hankali. "Duk wanda ya turo ƙofa sai in ɗago kai."

Ya sunkuyar da kai.

Can ta tambaye shi ko yaron da aka yi masa barka da shi yana nan. Ya ce yana ɗakin da ke kusa, ba a sallame su ba tukuna.

"Ka roƙi uwarsa ta kawo min shi in gani, Yaya. Tunda shi aka yi wa guɗa a gidanmu."

Ya tashi ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin Tabita. Mutumin da bakinsa bai taɓa gajiya ba, yau ya rasa ta inda zai fara. Irmiya ne ya lura da shi, ya taso ya kama hannunsa, ya saurari abin da ya iya haɗawa, ya juya ya yi wa matarsa magana da yarensu. Tabita ba ta yi musu ba. Ta sauko daga gado da ƙyar, ita ma da nata ciwon, ta ɗauki ɗanta ta bi su tana dafa bango.

Ta ɗora shi a ƙirjin Umaima, ta zauna a bakin gadon ta riƙe mata hannu. Umaima ta shafa kan yaron, ta shinshina shi, ta rufe ido hawaye na bin gefen fuskarta har cikin kunne. Sannan ta buɗe ido ta nemi mijinta, wanda ya kasa wuce bakin ƙofa.

"Kai ka gan ta, ni ban gan ta ba. Da wa take kama?"

"Da ke," in ji shi.

Ta gyaɗa kai, ta ƙara rungume ɗan mutane.

Darasi: Duk aikin da rayuwar wasu ta rataya a kansa amana ce, kuma ƙwarewarka ba ta kai ta hana ka sauraron wanda ya hango maka rami ba. Gyaran da ka raina yau saboda girman kai, gobe kana iya biyansa da abin da ba ya dawowa. Masu rubuta manhaja, ku bar kowane saƙo ya tafi da cikakken bayanin mai shi, kada ku dogara da cewa jiya ya yi aiki. Mu kuma sauran, mu yi koyi da Irmiya, wanda bai tambayi addini ko yaren matar da ke mutuwa ba kafin ya miƙa hannunsa. Ku tura wa wanda kuka san ba ya karɓar gyara, wataƙila ya ji tun lokaci bai ƙure masa ba.